Haƙƙin Majinyaci Da Mutuncin Ma'aikaci: Jawabin Ranar Karrama Ma'aikatan Asibitin Unguwa A Sabo, Ibadan

Wannan shi ne cikakken jawabin da shugaban kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a wajen taron wayar da kai da karrama ma'aikatan asibitin unguwa. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba, musamman iyayenmu mata da 'yan uwanmu mazauna Shasha da Bodija da Akinyele. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.



Mai martaba Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, iyayenmu limamai da malamai, wakilan ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, shugabar asibiti da ma'aikatanta, maƙwabtanmu Yarabawa da suka amsa gayyatarmu, shugabannin mata da na matasa, 'yan uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, tare da godiya bisa barin shaguna da sana'o'inku da kuka yi domin wannan zama.

Kwamiti ya ɗora mini aiki biyu a yau. Na farko shi ne in yi bayani a kan haƙƙin da majinyaci yake da shi a asibiti bisa dokar ƙasa, da kuma abin da ya rataya a wuyanmu na kula da lafiyarmu. Na biyu shi ne in gabatar da ma'aikatan da za mu karrama. Akwai waɗanda suka ce a raba taron biyu, a yi ranar koke daban, ranar yabo daban. Kwamiti bai yarda ba, domin kuwa dokar da ta ba majinyaci haƙƙi ba ta da hannun yin allura, ba ta karɓar haihuwa da tsakar dare. Mutum ne yake yin wannan. Idan muka san haƙƙinmu amma muka kori mai aikin da baƙar magana, mun tashi a tutar babu. Idan kuma muka yi ta yabon ma'aikaci ba mu san abin da doka ta ba mu ba, duk abin da aka yi mana sai mu ɗauka alfarma ce. Saboda haka maganar guda ce, kuma a zama guda za mu yi ta.

Mu ba baƙin asibiti ba ne

'Yan uwa, an kafa wannan unguwa ta Sabo tun shekarar 1916. Kakanninmu sun zo ne a kan fataucin goro da shanu, suka zauna, suka hayayyafa, kuma a nan aka binne da yawansu. Yau sama da shekara ɗari ke nan. Lokacin da aka buɗe asibitin koyarwa na jami'a, wato UCH, a shekarar 1957, Sabo ta riga ta shekara arba'in da kafuwa. Muna biyan haraji, muna biyan kuɗin shago da tikitin kasuwa, muna jefa ƙuri'a a nan. Duk da haka, sau da yawa za ka ga ɗan uwanmu ya shiga asibiti yana raɓe-raɓe, kamar wanda ya shiga gidan da ba a gayyace shi ba. In an daka masa tsawa sai ya juya ya tafi kemis. In an tambaye shi asalin jiharsa wajen yankar kati, sai gabansa ya faɗi, yana zaton shi ke nan za a ce ya koma garinsu.

Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya yi magana a fili. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko jinsinsa ko addininsa. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ta daɗe tana tare wa 'ya'yanmu hanya wajen neman aiki da gurbin karatu, ba ta da hurumi a bakin gadon majinyaci.

Abin da dokar lafiya ta tanada

A shekarar 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ina roƙon kowa ya riƙe sassa huɗu daga cikinta, ko da lambobinsu kawai zai haddace.

Sashe na 20 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti, na gwamnati ne ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Wanda ya saɓa, doka ta yanka masa tarar naira dubu ɗari, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ma'ana, matar da jini ya ɓalle mata, ko ɗan acaɓan da mota ta buge, ko yaron da yake sanƙarewa, a fara ceton ransa tukuna, maganar kuɗi ta biyo baya. Ku lura, doka ba ta ce an yafe kuɗin ba. Cewa ta yi kada kuɗi ya tare ƙofar gaggawa.

A kan wannan aka ƙara wata dokar a 2017, wadda ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda bayan an fara ba shi magani, kuma dokar ta ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo shi. Mu da muke kwana a kasuwanni da tashoshin mota, muka kuma ga abin da ya faru a rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan amfanin wannan doka.

Sashe na 23 ya ba majinyaci haƙƙin a gaya masa abin da ke damunsa, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfanin kowace hanya da haɗarinta da kuɗinta, da kuma cewa yana da ikon ƙin amincewa. Ya ƙara da cewa, in dai da hali, a yi masa wannan bayani da harshen da yake ji, a kuma yi la'akari da matsayin karatunsa. Zan dawo kan wannan, domin a nan matsalarmu ta fi tsanani.

Sashe na 26 ya ce duk abin da ya shafi ciwon mutum da maganinsa sirri ne. Ba a yarda ma'aikaci ya kai labarin ciwonka majalisar shayi ko gidan biki ba. A unguwa irin tamu inda kowa ya san kowa, wannan babban abu ne, domin tsoron tonon asiri ya hana mutane da yawa zuwa gwajin ƙanjamau da ciwon hanta.

Sashe na 30 kuma ya ba kowa damar kai ƙara a kan yadda aka yi masa a asibiti, kuma a bincika. A watan Yulin 2018, mataimakin shugaban ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyaci guda goma sha biyu, wadda ta tattara irin waɗannan tanade-tanade wuri guda. Kwamiti zai nemi a fassara ta da Hausa, boko da ajami, a manna a bangon asibitinmu.

Matsalar harshe

Jama'a, wanda aka haifa a Sabo yana jin Yarabanci kamar Bayarabe. Amma kada mu manta da amaryar da aka kawo daga Sakkwato ko Maraɗi wata uku da suka wuce, ko ɗan ci-ranin da ya sauka daga tirela jiya, ko tsohuwar da ba ta cika fita ba. Su ne suka fi shan wuya. Likita na magana da Turanci, nas na maimaitawa da Yarabanci, majinyaci na gyaɗa kai don kunya, alhali ko kalma ɗaya bai kama ba. An ce ƙwaya ɗaya sau uku a rana, ya koma gida ya haɗiye uku a tashi guda.

Ko da an samu mai 'yar Hausar kasuwa, ba ta wadatarwa. Alal misali, in Bahaushe ya ce yana da shawara, mai ƙaramar Hausa zai ɗauka wata magana zai kawo, alhali yana nufin idanunsa da fitsarinsa sun yi ɗorawa. In mace ta ce tana fama da sanyi, sai a ba ta maganin mura, alhali ciwon mara da ƙaiƙayi take nufi. In dattijo ya ce zuciyarsa na tashi, amai yake ji, ba ciwon zuciya yake nufi ba. Irin wannan saɓani kan sa a yi maganin ciwon da babu shi, a bar wanda yake akwai.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yadda muke tura yaro ɗan shekara goma ya zama tafintan mahaifiyarsa. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta bayyana wa likita lalurar mata ta bakin ɗan cikinta? Sai ta ce kanta ke ciwo, a ba ta farasitamol, ta dawo gida da cutarta. Kunya ado ce a gida, amma a ɗakin likita ɓoye ciwo asara ce, kuma aikinmu ne mu samar wa matanmu tafinta mace babba, mai riƙe sirri.

Haƙƙin a yi maka bayani kafin a taɓa jikinka ba ƙaramin abu ba ne a tarihinmu. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin ɗari biyu. Yara goma sha ɗaya suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. An yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da wannan ya haifar na cikin abubuwan da suka ƙara wa jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka nakasa. Da aka koma aka zauna da sarakuna da malamai aka yi bayani, jama'a suka karɓa, har aka kai ga tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Nijeriya da nahiyar Afirka a watan Agustan 2020. Darasin a nan na ɓangare biyu ne. Ma'aikaci ya yi bayani, kada ya raina mai tambaya. Mu kuma mu yi tambayar a asibiti, wajen wanda ya sani, domin matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Duk kyawun doka, ba za ta amfani wanda aka kawo asibiti bayan aski ya zo gaban goshi ba. Ma'aikatanmu sun roƙi in isar da waɗannan saƙonni, kuma ina roƙon a saurara da kyau.

Na ɗaya, zazzaɓi. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Amma ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Gwajin ɗigon jini a yatsa ba ya wuce minti ashirin. A gwada kafin a sha magani, in an fara kuma a cika kwana ukun ko da jiki ya yi sauƙi. Gidan sauron da ake rabawa na kwana ne, a daina rufe tumatir da shi. Yaron da ya sanƙare, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa da kyau, asibiti za a nufa da shi nan take. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Na biyu, masu juna biyu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce mace ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta haihu, ta kuma fara awo tun cikin watanni ukun farko. A wajen awo ne ake gano hawan jini da ƙarancin jini da kwanciyar jariri, ake ba da maganin kariya daga zazzaɓin sauro da allurar tsinkau-tsinkau. Zubar jini, matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani, kumburin fuska da hannu, jijjiga, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, da naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu, duk alamun haɗari ne. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari. A nan ina magana da mu maza. Yawancinmu matafiya ne, yau muna Legas, gobe muna Ilori, jibi muna kan hanyar Arewa. Kafin ka ɗaura tafiya, ka bar izini a fili, a gaban mahaifiyarka ko maƙwabcinka, cewa in lalura ta taso a wuce asibiti ba sai an same ka a waya ba. Ka kuma bar kuɗin mota. Jini ba ya jiran mai gida ya dawo daga fatauci.

Na uku, rigakafin yara, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ana fara shi ranar haihuwa, a koma a sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu, sannan a wata tara a yi na ƙyanda da shawara, a ƙara na ƙyanda a wata goma sha biyar. Matsalarmu ita ce tafiye-tafiye: an fara a Ibadan, uwa ta tafi wankan gida, kati ya ɓace, rigakafi ya tsaya. Ku riƙe katin nan kamar yadda kuke riƙe takardar fili. Duk asibitin gwamnatin da kuka kai shi a ƙasar nan za a ɗora daga inda aka tsaya. Haka kuma tun watan Oktoban 2023 aka shigo da rigakafin cutar dajin bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara tara zuwa goma sha huɗu. Mai shakka ya zo ya tambayi shugabar asibiti ido da ido.

Na huɗu, hawan jini da ciwon suga. Su ne masu shiga gida ba sallama. Mutum na cikin cinikinsa, ba ya jin komai, sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Awon jinin da ke kai 140 bisa 90 ko fiye, in ya maimaitu, hawan jini ne. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya riƙa gwadawa a kai a kai. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji garau, domin maganin ne ya sa ya ji garau ɗin. A rage gishiri da dunƙulen miya da lemon kwalba.

Na biyar, tari. Duk tarin da ya wuce sati biyu, musamman in akwai rama da gumin dare, a zo a gwada majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, ana shan maganin wata shida, kuma ana warkewa sarai. Wanda ya yanke a tsakiya yana iya jawo wa kansa nau'in da ba ya jin magani. Masu ɗakunan saukar baƙi da malaman tsangaya, inda mutum goma ke kwana a ɗaki guda, ku sa ido a kan wannan.

Na shida, gwajin jini kafin aure. In namiji da mace duka suna ɗauke da AS, kowane ciki da za a samu yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar sikila. A yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, lokacin da janyewa ba za ta zama abin kunya ga kowa ba.

Masu aikin da muke karramawa

Yanzu na zo kan aiki na biyu. A shekarar 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa wannan adadi ba. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci tsakanin dubu goma sha biyar zuwa goma sha shida sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Nas-nas su ma suna ta tafiya Ingila da Amurka da Saudiyya. Saboda haka duk ma'aikacin da kuka gani a ƙaramin asibiti irin namu, yana duba mutane da fitilar waya in an ɗauke wuta, ku sani yana da inda zai iya zuwa, zama ya zaɓa.

Aikin kuma akwai sayar da rai a cikinsa. A watan Yulin 2014, lokacin da wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Legas da cutar Ebola, likita Stella Adadevoh ce ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu da cutar ta rasu a watan Agusta, ita da wasu abokan aikinta. A watan Oktoba aka tabbatar Nijeriya ta kuɓuta, bayan rasa mutum takwas. Da mutumin nan ya fita ya shiga gari, Allah kaɗai ya san abin da zai iso Ibadan da Kano ta hanyoyin da muke bi kullum.

Dole mu gaya wa kanmu gaskiya, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai masu zuwa asibiti su tsallake layi da sunan su manya ne. Akwai masu zagin nas don ta ce a jira. Akwai masu cika ɗakin haihuwa da dangi goma, in an ce su fita su ce wulaƙanci ne don su Hausawa ne. Akwai masu kawo majinyaci bayan ya yi sati biyu a gida, in rai ya yi halinsa su ce asibiti ne ya kashe shi. Ku sani, dokar nan ta 2014 da ta ba mu haƙƙi, a sashe na 21 ta ba ma'aikaci damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya kai masa duka, in ba mai taɓin hankali ba ne. Ba kowace tsawa ce ƙabilanci ba, wani lokaci gajiya ce ta mutum ɗaya da ke aikin mutum uku. Inda kuma aka yi ƙabilancin da gaske, a kawo mana a rubuce, da rana da lokaci da shaida, mu bi kadinsa ta hanyar da doka ta shimfiɗa.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Kwamiti ya zagaya gidaje da masallatai da majalisu ya ji ta bakin jama'a, musamman mata, kafin ya tsayar da waɗanda za a karrama. Za mu karrama ungozomar asibiti, wadda ba Bahaushiya ba ce, amma ta zauna ta koyi Hausa daga bakin matan da take karɓar haihuwarsu, har ta kai ba ta buƙatar tafinta a ɗakin awo. Za mu karrama jami'in rigakafi, wanda yake bin lungu-lungu da littafinsa yana neman yaran da suka tsallake allura. Za mu karrama mai kula da kati, wanda jama'a suka shaida ba ya sayar da layi, talaka da mai kuɗi kowa da lambarsa. Za mu karrama mai gwajin jini, wanda ba a taɓa jin sakamakon wani ya fita daga bakinsa ba. Za mu karrama baba mai gadi, wanda shi ne fuskar farko da mai naƙuda ke gani da ƙarfe biyun dare. Sannan za mu karrama iya mai shara, domin asibitin da ba shi da tsabta wurin ɗaukar cuta ne, kuma ita ce take wanke abin da ko dangin majinyaci ba sa son taɓawa. Abin da za mu ba su takardar yabo ce da turmin atamfa ko yadin shadda da ɗan abin da ya sawwaƙa. Bai kai ladan aikinsu ba, amma muna so su koma gida da sanin cewa unguwar nan ta gani.

Abin da kwamiti ke nema

Kafin in zauna, ga buƙatu biyar da kwamiti ke miƙa wa wannan taro domin amincewa.

Ta farko, a samar da tafintoci 'yan sa kai, mata da maza, masu jin Hausa da Yarabanci da Turanci, a tsara musu ranaku, musamman ranar awo da ranar rigakafi, su kuma yi alkawarin riƙe sirri a gaban Sarki.

Ta biyu, mu cike gurbinmu a kwamitin raya mazaɓa, wanda tsarin kiwon lafiya a matakin farko ya tanada domin jama'a su sa ido a kan asibitinsu. Dokar 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an fara sa masa kuɗi a kasafin 2018. Wanda ba ya wurin zama ba zai san abin da ya iso da yadda aka kashe shi ba. Muna son wakilanmu su haɗa da mace.

Ta uku, a buɗe asusun motar gaggawa, kowane shago da kowace rumfa su riƙa sa abin da aka yanka duk wata, a kuma yi yarjejeniya da direbobi da masu Keke Napep na unguwa waɗanda za a iya tasa da dare. Ma'aji zai riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku.

Ta huɗu, a gayyato hukumar inshorar lafiya ta jihar Oyo ta zo nan Sabo ta yi mana bayani da rajista. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan duk mazaunin ƙasar nan, ta kuma yi tanadi domin marasa galihu. Mu da muka saba da adashi ba za mu kasa gane wannan tsari ba.

Ta biyar, matasanmu masu lafiya su yi rajistar ba da gudummawar jini, a san rukunin jinin kowa, domin kada ranar da 'yar uwarmu ke kwance a ɗakin tiyata a tsaya ana cigiya a masallaci. A kuma ƙarfafa wa 'ya'yanmu mata da suka gama sakandare gwiwa su nemi makarantun nas da ungozoma da na kiwon lafiyar al'umma. Ranar da 'yar Sabo ta sa farin kaya ta tsaya a ɗakin awo, rabin matsalar tafinta ta ƙare.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sakatare yana bakin ƙofa da takardu uku: ta tafintoci, ta masu ba da jini, da ta direbobi. Ina roƙon kada kowa ya fita sai ya duba wadda zai iya sa sunansa a ciki.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu juna biyu lafiya, ya saka wa ma'aikatan nan da alheri, ya zaunar da garin Ibadan da ƙasarmu lafiya. Yanzu ina roƙon mai martaba ya taso domin miƙa kyaututtuka, za mu fara da iya mai shara.